Hular Shugaban Ƙasa Ta Sha Sitaci

A makon da 'yan sanda suka tsare matarsa, a makon ne aka ɗora wa Abdul-Wadud aikin sa wa Shugaban Ƙasa hula.

Shi dai ma'aikaci ne a ofishin karɓar manyan baƙi a Tamale. Ya yi jami'a, ya karanta tarihi, kuma tun da ya kama aiki babban hukuncin da ya taɓa yankewa shi ne wa zai zauna a kujerar gaba, wa zai zauna a ta baya. Matarsa Mulikatu kuwa tumatir take sayarwa, ba a faranti ba, a manyan motoci. Takan haye iyaka ta yi arewa da matan ƙungiyarsu, su cika akwatuna su dawo, rabin miyar garin ta hannunta take bi. Da yaƙin da ake yi a ƙetaren iyakar ya matso kusa da hanyarsu, sai gwamnati ta hana motocin tumatir fita, don kare rayukan mata, in ji sanarwa. Matan suka yi godiya, suka jira. Tumatir ya yi tsada har mutane suka koma gaishe shi a kasuwa su wuce. Daga nan matan suka fito titi ɗauke da akwatunan da ba komai a ciki, samari masu babur suka bi bayansu, wani ya kawo tsohuwar taya, wani ya kawo ashana. Kafin la'asar hayaƙi ya rufe unguwar Tishigu, an farfasa tagogin wani ofishi, 'yan sanda sun cika mota da mata. Mulikatu a gaba ta zauna kusa da direba, don ba ta saba hawa baya ba.

Ga zaɓe ya ƙarato. Aka ce Shugaban Ƙasa zai zo da kansa ya yi wa gari jawabi, kuma magana biyu ce a gabansa. Ko dai ya sa dokar hana fita, ya cika titi da sojoji, a kwashi waɗanda aka kama a kai su Accra a binciki ko da hannun mayaƙan ƙetare a rikicin, ko kuwa ya sallame su. Masu ba shi shawara sun rabu gida biyu. Shi kuma mutum ne da ya yi suna wajen sauraron kowane ɓangare da kyau har lokacin yin abin ya wuce.

Accra ɗin nan ita ce ta hana Abdul-Wadud sakat. Ya san yadda bincike yake a can, ya san ranar farawa kawai ake sanarwa. Da ya kai wa Mulikatu abinci sai ya tarar matan sun share ofishin 'yan sandan tas, sun shanya zannuwa a igiyar tuta, suna waƙa, mai gadin ƙofa yana kaɗa kai.

"Maman Latif," ya ce wa matarsa, "in aka kai ku Accra fa?"

"Na daɗe ban ga teku ba," in ji ta. Ta buɗe kwanon ta leƙa. "Wannan miyar wa ya yi ta?"

"Ni."

"Allah Ya ba ka lada. Mayar da ita."

Batun hula kuwa, ba don ya fi kowa iyawa aka ba shi ba. Dattijon da ya saba yi ne aka gani a hoto yana rawa a taron 'yan adawa, aka duba cikin ofis aka ga Abdul-Wadud ɗan gari ne kuma ba a taɓa ganinsa yana rawa a ko'ina ba. Al'ada ce in babban baƙo ya sauka a sa masa batakari, rigar saƙin nan mai faɗin gindi, da hularta mai tsawo. Kuma a ƙasar Dagomba hula magana take yi. In an karya ta gaba, mai ita yana cewa ba shi da na biyu. In an karya ta baya, yana da jama'a a bayansa, mai so ya gwada. In ta kwanta hagu, mutum ne mai son zaman lafiya, ba ya neman kowa da faɗa. In kuwa ta tsaya cak tana kallon sama, to ba kowa a samansa sai Allah. Wannan ba wani ilimi ba ne, mai sayar da koko ma ta sani. Duk garin ya yanke cewa ba sai an wahala da Turancin jawabi ba, a kan hula za a karanta hukunci.

Saboda haka gidansa a unguwar Nyanshegu ya zama fada. Samarin jam'iyyar gwamnati suka zo suka ce a karya ta gaba, 'yan adawa su ji a jikinsu. Wani maƙwabcinsa, Afa Yidana, wanda bai taɓa amsa masa gaisuwa da baki ba, ya zo har cikin falo ya kira shi ɗan'uwa, ya ce baya ta fi kwarjini. Mazajen matan da aka tsare suka zo a jere, duk sun rame, kawai suka karkatar da kawunansu hagu suka dube shi. Abdul-Wadud ya sallami kowa da cewa za a duba. Da ya ji kalmar ta fito daga bakinsa sai ya fahimci daɗin mulki. A ransa kuwa ya riga ya gama: hagu, ko da za a kore shi.

Ranar saukar baƙo da safe, shugabar ofishinsu, Madam Faustina, ta kira shi tana murmushi. Ba ta daɗe da zuwa daga kudu ba, amma tana da Hausar zangon Kumasi, kuma mace ce da ba ta barin aiki rabi.

"Abdul, zo ka gani. Jiya na duba hula ɗin, ya yi laushi kamar tsumma. Shugaban Ƙasa ba zai sa tsumma ba. Na ba mai wanki, na ce ya sa sitaci sosai, ya yi guga."

Ta ɗaga leda. Hular tana tsaye a kan tebur ita kaɗai, kamar turmin da aka kife. Abdul-Wadud ya sa yatsa ya tura kanta gefe. Ta tafi, ta dawo. Ya kama da hannu biyu ya lanƙwasa, ta yi ƙara kamar busasshen ganye, ya saki, ta miƙe a hankali cikin natsuwa.

"Madam, wannan ba za ta karyu ba."

"To ba shi ne kyau ba? Ya tsaya kamar soja."

"Madam, sojan ne matsalar."

Da ya yi mata bayani sai ta zauna, ta ce Yesu, ta ce a nemo wata. Amma ba wata. Rigar da hular daga saƙa ɗaya aka yanko su, kuma an yi zaman taro a kan launin zaren don kada ya yi kama da tutar 'yan adawa, kada kuma ya yi kama da ta gwamnati har a ce kamfe ne. In an jiƙa ta, ba za ta bushe ba kafin jirgi ya sauka. Suka dubi juna. Madam Faustina ta ce, "Kai kana da nauyi. Zauna a kai."

Haka aka yi. Tun daga ofis har filin jirgi Abdul-Wadud yana zaune a kan hular Shugaban Ƙasa a bayan motar gwamnati, yana roƙon direba ya bi ta ramuka. Wata irin dariya ta riƙa taso masa daga ciki, irin wadda ke kama mutum a wurin makoki, yana danne ta da tari. Da suka isa ya zaro ta, ta kwanta lakadan. Madam Faustina ta yi alamar gicciye, shi ya yi hamdala.

A ɗakin manyan baƙi ya tarar da Shugaban Ƙasa, gajere fiye da hotonsa, yana cin gyaɗa. A damansa Kanar Edem, mai ba shi shawara kan tsaro, a hagunsa Mista Kuuku, mai kula da yaƙin neman zaɓe. Da Turanci suke gardama, kuma da gani tun cikin jirgi suka faro. Kanar yana cewa in aka saki mata yau, gobe mayaƙan ƙetare za su san ƙofar ƙasar nan da tumatir ake buɗe ta. Mista Kuuku yana cewa kowace mace a cikin waɗannan tana da ƙuri'ar miji da 'ya'ya da masu dako a cikin zaninta. Shugaba yana gyaɗa wa kowa kai daidai wa daida. An rubuta masa jawabi biyu, da aka zura masa batakari sai ya sa na Kanar a aljihun dama, na Mista Kuuku a na hagu, ya daddaɓa su.

Abdul-Wadud ya yi bismilla a ɓoye, ya ɗora hula, ya kwantar da ita hagu.

Shugaba ya dubi madubi. "Me ya sa ta faɗi gefe? Ba ta da lafiya ne?"

"Mai Girma, haka ake sawa. Kowane ɓari da abin da yake faɗa." Ya zayyana masa su.

Shugaba ya ajiye gyaɗa. Ya daɗe bai ji abin da ya ba shi sha'awa haka ba. Kanar ya ce a miƙar da ita yanzu. Mista Kuuku ya ce duk wanda ya taɓa ta shi zai biya kuɗin faɗuwa zaɓe.

"Malam," in ji Shugaba, "babu wani ɓarin da ke nufin ana kan nazarin lamarin?"

"Babu, Mai Girma."

"Ko ɗan tsakiya haka, tsakanin hagu da sama?"

"Za a ce ba a iya sawa ba ne."

"Mutanenku ba su da tausayi." Ya sake duban madubi. "A bar ta yadda ya sa tukuna. Ai hula ba doka ba ce. In mun isa can ma ga yanayin wurin."

Filin taron yana kusa da kasuwa, kuma ya cika har kan rufin shaguna. Rana tana tsakiya. Mata a gaba da akwatunansu, samari a baya a kan babura, aljihun wasu ya yi nauyi da abin da ba kuɗi ba. Sojoji sun yi layi a gefe suna zufa. Da Shugaba ya hau dandamali aka ga hula a hagu, sai guɗa ta tashi, makaɗa suka saki ganguna. Abdul-Wadud, wanda aka tsayar a layin baya, ya ji kamar ya sha wani abu. Ya fara tunanin irin miyar da za a ci a gidansa.

Shugaba ya fara da gaisuwa. Ya gai da sarakuna, ya gai da malamai da limaman coci, ya gai da manoma, ya gai da masu kiwon zabi. Wannan ɓangaren ba ya buƙatar takarda, kuma yana iya kai shi la'asar. Yana cikin gai da ma'aikatan jinya ne Abdul-Wadud ya lura cewa kan hular ya bar kunnen Shugaba.

Ya murtsuke ido. Hular tana tashi. Ba da sauri ba, kamar yadda mai barci ke ɗago kai in ya ji ana kiran salla, amma tashi take yi. Sitacin yana karɓar haƙƙinsa. Ganguna suka yi ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Matan gaba suka daina fifita. Filin nan duka ya zuba wa kan mutum ɗaya ido, ba wanda ke jin abin da bakinsa ke faɗa. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu tana yi wa hular alamar ta koma, kamar mai korar akuya.

Shugaba bai san abin da ke gudana a samansa ba. Abin da ya gani shi ne fuskoki sun ɗaure, tafi ya ɗauke, samarin baya sun sauko daga babura. Ya karanta yanayin wurin kamar yadda ya yi alkawari. Muryarsa ta yi kauri, ya ce gwamnati ba za ta naɗe hannu ba, kuma hannunsa ya gangara aljihun dama. Kanar Edem ya gyara tsayuwa.

Abdul-Wadud ya ga Accra ƙiri-ƙiri. Ya ga kansa a motar haya da kwanon abinci a cinya. Ba a taɓa kan Shugaban Ƙasa a bainar jama'a, wanda ya kai hannu ma ba zai kai ga hular ba. A gabansa kaɗan akwai Basit, wani ƙaton ma'aikacin ofishinsu da aka ba riƙon laima a kan Shugaba, shi ma ɗan gari ne, ya ga abin da ke faruwa.

"Basit, ba ni. An ce a canje ka."

"Wa ya ce?"

"Tsarin aiki."

Basit ya miƙa masa da saurin wanda aka karɓar wa gawa. Abdul-Wadud ya matso bayan Shugaba, ya sauke laimar ƙasa kamar mai kare shi daga rana, ya karkata ta, ya sa bakin ƙarfenta a kan hular, ya danna ta hagu.

Filin ya fashe. Guɗa, ganguna, hon na babura, akwatunan tumatir suna tashi sama. Shugaba ya tsaya a tsakiyar jimla, da takardar Kanar rabi a waje. Bai taɓa samun irin wannan tafi ba ko a garinsu. Ya kau da baki daga makirfo, bai juyo ba.

"Me kake yi wa kaina?"

"Hular ce ke tashi, Mai Girma."

"In ka saki fa?"

"Za ta miƙe tsaye."

Shugaba ya ɗan rusuna kaɗan don ya gwada, hular ta kuɓuce wa laima ta ɗago, filin ya yi wani dogon gunaguni. Ya miƙe, laima ta danne, guɗa ta dawo. Ya sake gwadawa, don shi mutum ne mai son ya tabbatar. Sakamakon bai canza ba.

"To kada ka saki," in ji shi. Ya mayar da takardar Kanar aljihu.

Kanar Edem ya matso kunnen Abdul-Wadud ya gaya masa cikin ladabi abin da ake yi wa wanda ya ɗora ƙarfe a kan Babban Kwamandan Askarawa. Abdul-Wadud ya ce ya ji, amma umarni aka ba shi. Dariyar nan ta sake taso masa, har hawaye suka zubo, masu ɗaukar hoto suka ɗauka kishin ƙasa ne.

Shugaba bai ma ciro ɗaya takardar ba. Da kansa a ɗan karkace, ya ce gwamnati ba za ta naɗe hannu ba tana kallon iyayenmu mata a tsare. Ya ce a sallame su yau, kafin rana ta faɗi. Ya ce ba dokar hana fita a Tamale, garin da ya san darajar zaman lafiya tun kafin a haife shi. Ya ce wannan matsaya ya daɗe da ɗaukarta. Game da yaƙin ƙetare ya bayyana matuƙar damuwa, game da hanyar tumatir kuma ya kafa kwamiti, amma a lokacin ganguna sun yi yawa, ba kowa ya ji ba. Tafin ya yi masa daɗi, sai ya koma ya gai da waɗanda ya manta: direbobi, maƙera, masu ɗinki, tsofaffin 'yan ƙwallo. Abdul-Wadud ya riƙe laima da hannu ɗaya a miƙe, kafaɗarsa ta yi zafi, ta yi sanyi, daga baya ya daina jin ta. Haka ya bi Shugaba taku-taku har cikin mota, inda rufin motar ya karɓi aikin.

Madam Faustina ta rungume shi a gaban kowa ta ce za ta rubuta a rahoto cewa komai ya tafi bisa tsari. Bai tsaya ji ba. Ya hau babur da hannu ɗaya ya nufi ofishin 'yan sanda.

Ya tarar ana fito da matan suna waƙa, mazajensu sun yi cirko-cirko da murna. Mulikatu ce ta fito ƙarshe, da zaninta a naɗe a ka, tana yi wa mai gadi faɗan ya riƙa share bayan ƙofa.

"Baban Latif, an ce kai ne ka danne kan Shugaban Ƙasa da laima."

"Rana na kare masa."

"Na gani a waya. Ko ni ba ka taɓa riƙe mini laima haka ba." Ta dube shi sama da ƙasa, kuma ya ga alamar ta ji daɗi, ko da yake ba za ta faɗa ba. "To, ya buɗe mana hanya?"

"Ya sallame ku dai. Ba Accra, ba soja."

"Hanyar fa?"

"Ya kafa kwamiti."

Mulikatu ta sauke zanin daga kanta. Ta juya ta kira matan da sunayensu, ta ce a koma ciki, ba inda za a je sai motoci sun tashi. Matan suka juyo. Babban jami'in wurin, wanda ya yi kwanaki yana shan waƙa, ya ga abin da ke tafe, ya ja mutanensa ciki da gudu, suka rufe ƙofar ƙarfe suka sa sakata. Mulikatu ta buga, ta ce tana da haƙƙin a tsare ta. Daga ciki aka amsa cewa umarnin Shugaban Ƙasa ne, su yi haƙuri su tafi gida.

Ta tsaya tana huci, sannan ta sanar da matan cewa gobe da safe a haɗu a tasha. Ta zo wurin babur ta ga yadda hannun mijinta ke lilo a gefensa kamar ba nasa ba.

"Da wannan za ka tuƙa ni?"

"Da shi na zo."

"Kawo makulli. Koma baya."

Abdul-Wadud ya koma baya, ya riƙe ta da hannun da ya rage masa. Ta tayar da babur, ta ratsa taron tana hon, suka nufi Nyanshegu.